Ranar da Baba Ya Tafi Gyaran Tashar Kumbo

Na daɗe ina aikin kula da tsofaffi a birnin New York. Na shiga gidaje da yawa, na yi wa mutane da yawa wanka, wasu ma a gabana suka cika. Yanzu fuskokin yawancinsu sun fara dishi-dishi a raina. Amma akwai wasu makonni biyu a watan Oktoban 2016 da na san ko tsufa ya kwashe mini tunani, su ne za su rage na ƙarshe.

A lokacin muna zaune a Tremont, ni da maigidana da 'ya'yanmu. Ni 'yar Kano ce, shi kuma mutumin Maraɗi, direban tirela ne mai dogon zango, wani lokaci sai ya yi kwana goma bai leƙo gida ba. Kullum da safe nakan hau bas zuwa University Heights, inda nake kula da wani tsohon Bature da ya haura shekara tamanin. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wata jiha, shi kaɗai ne a bene na huɗu. Tun ranar farko na ce masa Baba. Ya tambaye ni ma'anarsa, na gaya masa, ya ce to ya karɓa, amma kada in sa ran gado, don ba shi da komai sai takalma biyu da ciwon gwiwa.

Baba ma'aikacin ƙarfe ne a ƙuruciyarsa, irin masu hawa sama su haɗa ƙashin dogayen benaye kafin a sa bango. Hannayensa ma sun isa shaida, yatsu kamar itace, duk tabon ƙuna. Tunaninsa ya fara rauni. Yakan manta ya ci abinci, yakan kira ni da sunan marigayiya matarsa, wata rana ya sa agogonsa a firiji. Sai dai akwai abu ɗaya da bai taɓa rikice masa ba. Yana matashi an ɗebe su daga New York zuwa gaɓar teku a Florida, inda ake harba kumbo zuwa sararin sama, suka yi shekara biyu suna ɗaga wani ƙaton gini da ake harhaɗa kumbon a cikinsa kafin a ja shi zuwa wurin harbawa. Hotonsa na nan a bangon falo, baƙi da fari, yana zaune a kan wani siririn ƙarfe ƙafafu na lilo, babu komai a ƙarƙashinsa sai iska. Ni ko kallon hoton nake sai in ji jiri.

Na sha jin labarin ginin nan har na haddace. Gaskiya ba sauraro nake ba. Ina goge-goge, ina cewa “Haka ne, Baba,” hankalina yana kan abin da zan dafa wa yara. Yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Ranar wata Juma'a na shigo na tarar da shi tsaye a gaban talabijin, ya dafa kujera, bai ko sa silifas ba. Ana nuna wata mahaukaciyar guguwa da ta taso daga teku tana bin gaɓar Florida. Itatuwan dabino sun sunkuya har ƙasa, ruwa yana tafiya a kwance. Mai labarai ya ce an sallami ma'aikatan tashar kumbo, an rufe ƙofofi, ba a san irin ɓarnar da za a tarar ba.

“Kin ji?” in ji Baba. “A kan ginina za ta bi.”

Na ce masa ya zauna ya sha shayi. Bai zauna ba. Ranar ko cokali ɗaya bai kai baki ba.

Bayan kwana biyu aka fara nuna abin da guguwar ta bari. Rufin wasu gine-gine ya ɗaɗɗage kamar an ɓare gwangwani, ruwa ya shiga ɗakuna, wayoyin wuta sun zube, teku ta cinye tudun yashin da ke tsakaninta da wurin harbawa. Sai dai labarin bai fi minti ɗaya ba, nan da nan suka koma maganar zaɓe. Baba ya yi ta danna rimot yana neman inda za a nuna ginin nasa, bai samu ba. Na duba masa a waya, na ga an rubuta cewa manyan gine-ginen sun tsira, na karanta masa. Ya kaɗa hannu.

“Waɗanda suka rubuta wannan a ofis suke zaune. Wa ya hau ya duba?”

Daga nan sai ya shiga ɗaki ya jawo wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai hular kwano, da bel mai faɗi, da wani dogon sifana mai tsini a gindi, duk sun yi baƙi don daɗewa. Ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce za a kira shi, domin waɗanda suka san ginin nan tun daga tushe ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma yawanci sun mutu. Kullum da safe sai in tarar ya sa rigar aiki, ya ajiye jakar a bakin ƙofa, ya zauna kusa da wayar gida. Abinci sai na yi da gaske. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

A rana ta biyar na gaji, tausayi kuma ya cika ni, sai na yi abin da na ga ya fi sauƙi. Da ya fito daga banɗaki na ce, “Baba, sun kira fa. Sun ce komai lafiya, ba sai ka je ba, sun gode.”

Ya tsaya ya dube ni. “Wa ya kira?”

“Shugaban wurin.”

“Ya yi maganar ƙofofi? Wace ce ta fi shan iska, ta gabas ko ta yamma?”

Ban san ma ginin yana da ƙofofi ta gabas da yamma ba, alhali ya gaya mini ya fi sau ɗari. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Wayar ba ta yi ƙara ba,” ya juya ya koma kujerarsa. Ranar har na tashi bai ƙara ce mini uffan ba. Mutumin da ba ya tuna ranar mako, ya kama ni da ƙarya cikin tambaya biyu.

Washegari da hantsi na sauka ƙasan bene inda injinan wanki suke, don in kwaso zannuwan gadonsa. Na bar shi yana gyangyaɗi. Ban fi minti goma sha biyar ba. Da na dawo na ga ƙofa a buɗe, kujera babu kowa, jakar fata ba ta nan.

Ban san lokacin da na zubar da kwandon wankin ba. Na duba banɗaki, na duba bayan ƙofa kamar mai neman allura, na sauka da gudu ba ko mayafin kirki. A bakin titi na rasa inda zan nufa. Motoci na wucewa, kowa na sha'aninsa. Ina ta “Innalillahi” a fili, ina hango shi kwance a tsakiyar titi. Akwai wata mata 'yar Gana mai shago a kusurwar layin, wadda nake sayen doya da manja a wurinta. Ita ce ta leƙo ta ƙwala mini kira da irin Hausarsu ta Zango.

“Hajiya! Tsohon ka kake nema? Ya wuce nan da hulan ƙarfe a kai. Na gaishe shi, ya ce zai tafi aiki. Bi hanyan jirgi, maza!”

Na bi gangaren nan da gudu har zuwa tashar jirgin ƙasa mai bi ta sama. A gindin matakala na same shi. Yana zaune a kan mataki na uku, hular kwano a kansa, jaka a kan cinya, yana haki. Mutane suna ta raɓawa ta gefensa suna hawa. Na zauna kusa da shi a kan ƙarfen nan mai sanyi.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Na taɓa tafiya a kan ƙarfen da bai fi tafin hannunki faɗi ba, gajimare na wucewa ta ƙasana. Yau matakala uku.”

Na ce, “Baba, jiya ƙarya na yi maka. Babu wanda ya kira. Ka yafe mini.”

“Na sani.”

“Ban san ko ginin yana lafiya ba. Amma zan nemo wanda ya gani da idonsa. Idan ya lalace ma zan gaya maka.”

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, “Akwai wani abokina da ya faɗo daga kusurwar arewa. Tare muka zo daga nan unguwar. Ni na kawo wa mahaifiyarsa akwatinsa. Idan ginin ya faɗi, to a kan me ya mutu?”

Wannan bai taɓa gaya mini ba. Ko kuwa ya gaya mini ina goge-goge, Allah ne masani. Na karɓi jakar, na riƙe hannunsa, muka tare tasi muka koma gida.

Dole na sanar da ofishin kamfanin da ya tura ni, na kuma kira 'yarsa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cikin sanyin murya ta ce ranar Asabar ta sama za ta zo, ta riga ta fara duba gidan tsofaffi, don ba za ta jira a kira ta daga asibiti ba. Da na ambaci ginin sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce an haife ta yana can, sai da ta fara tafiya ya fara ganinta, kuma tun tana ƙarama take jin labarin ginin nan a teburin abinci kamar shi ne ɗan fari.

Da la'asar na kira maigidana. Yana wata jiha ta tsakiya yana sauke kaya. Na kwashe komai na gaya masa, har da kuka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To mi kike so a yi, Hajiya?”

“Ban sani ba, Malam. Na yi alkawari ne kawai.”

Sai ya ce tun da guguwar ta wuce ake ta neman direbobi masu kai kwanon rufi da katako kudu, kowa na gudun hanyar saboda cunkoso da rashin wurin kwana. Ya ce zai roƙi mai raba musu lodi ya ba shi na wajen. Na tuna masa cewa ranar Lahadi ya yi wa yara alkawarin dawowa. Ya ce, “Ki ba su haƙuri. Kin ce ma tsoho Baba, ai ya zama surukina ke nan.”

Sama da mako guda ya ɗauka. Lodin da ya samu na wani gari ne da ke da ɗan nisa da tashar, ya sauke, ya kaɗa kan mota ya ƙarasa. Cikin tashar kam ba a shiga sai da takarda, ya san da haka. Abin da ya yi shi ne, ya nemi wata haraba a wajen ƙofa inda 'yan kwangilar gyara suke tara kayansu, ya ajiye mota ya shiga bin mutane da sallama. Ya ce mini mutum uku suka wuce shi, ɗaya ma ya ɗauka aiki yake nema. Na huɗu wani heluma ne, shugaban masu gyaran rufi, baƙar fata mai furfura a gemu, yana cin abincin rana a bayan motarsa. Maigidana ya ba shi labari da Turancinsa na direbobi. Mutumin ya ajiye cokali ya ce, “Ka ce yana cikin waɗanda suka ɗaga shi? Kira shi.”

Ranar Asabar ce, 'yar Baba ta iso da safe da takardun gidan tsofaffi a jakarta. Ni ba ranar aikina ba ce, amma na zo. Wajen azahar wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Na zauna a hannun kujerar Baba na riƙe masa wayar daidai fuska.

Heluman ya cire hularsa kafin ya yi magana. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce shi mai rufi ne, ba a cikin babban ginin yake aiki ba, don haka abin da ya gani kawai zai faɗa. Ya ce ɓarna kam an yi. Wani gini da suke kai yanzu, iska ta naɗe rufinsa kamar tabarma ta jefar a fili, ruwa ya sauka har kan na'urori. Kwana da kwanaki suna shimfiɗa tamfol, wasu na zuƙe ruwa da injin, an jera manyan fankoki ana busar da ɗakuna, injinan sanyi sun mutu sai da aka kawo na haya a kan tireloli. Ya ce sauro kuwa kamar a ɗauke mutum.

Baba ya yi dariya, karo na farko cikin mako biyu. “Har yanzu suna nan?”

“Jikokinsu ne, yallaɓai. Sun fi iyayen mugunta.”

“Ginin fa?”

“Yana tsaye. Kullum da safe shi nake fara gani. Waɗanda suka hau suka duba shi abokaina ne, tare muke cin abinci. Sun ce ƙarfen bai gusa ba.”

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa wayar. Muryarsa ta canja, ta koma ta wani mutum da ban taɓa sani ba, mai ba da umarni. Ya ce kada su yarda da fenti, fenti munafuki ne. Su duba ƙarƙashin notuna da inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe, nan ruwan gishiri yake kwanciya ya yi ta ci a ɓoye. Su wanke da ruwan daɗi, su bari ya bushe sarai kafin su rufe. Na tabbata heluman ya san duk wannan. Amma sai na ga ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya ciji murfin biro, ya ce, “A hankali, yallaɓai, ina rubutawa.” Ya kuwa rubuta. Da suka gama ya ce ranar Litinin zai karanta wa mutanensa, zai kuma gaya musu daga bakin wa ya fito.

Bayan nan maigidana ya tuƙa zuwa bakin wani ruwa inda ake hango tashar daga nesa, ya sake kira. Hoton yana rawa saboda iska. Da fari ruwa kawai muke gani da ciyayi, sai can a ƙarshen sama wani abu mai kusurwa huɗu, fari-fari, shi kaɗai a fili. A wayar bai fi ƙwayar sukari ba. 'Yar Baba ta zo ta buɗe hoton da yatsu biyu ya ƙara girma. Baba ya ɗora yatsansa a gindin ginin, ya ja shi sama a hankali, ya tsaya a wata kusurwa.

“Nan,” in ji shi. “Nan nake zaune aka miƙo mini takarda cewa an haife ki. Na karanta, na rasa wanda zan gaya wa, kowa yana ƙasa. Sai na zaro alli na rubuta sunanki a jikin ƙarfen. An shafe shi da fenti washegari, amma yana ciki.”

Matar nan ta haura hamsin, ga ta da tsare gida. Sai gani na yi ta durƙusa a gaban kujera ta kifa kanta a gwiwarsa. Ta ce, “Ba ka taɓa gaya mini ba.” Ya ce, “Ba ki taɓa bari na kai wurin ba.” Na ajiye musu wayar na shige kicin, na buɗe famfo don kada su ji ni. Ina jin maigidana daga can yana ta “Alo? Alo? Hajiya, ana gani kuwa?”

Da yamma Baba ya ci abinci har ya nemi ƙari. Shi da kansa ya ce in mayar da jakar ƙarƙashin gado.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Ciwon mantuwa ba ya komawa baya. Bayan kwana kaɗan ya sake tambayata ko an ji labarin guguwa, na nuna masa hoton da maigidana ya turo, ya kalla ya ce, “Yawwa,” ya yi barcinsa. Haka muka riƙa yi. 'Yarsa ta ɗaga maganar gidan tsofaffi har bayan sanyi, tana zuwa duk mako biyu, ta zauna ya ba ta labarin ginin tun daga tushe, ba ta katse shi. Daga baya dai dole ta mayar da shi kusa da ita. Na je na gan shi sau ɗaya, ni da maigidana. Bai gane ni ba, amma ya riƙe hannun maigidana ya juya shi ya duba tafin, ya ce wannan hannun ma'aikaci ne. Bai kai ƙarshen shekarar da aka mayar da shi ba ya rasu.

Abin da na koya, na koye shi ne a kan matakalar jirgin nan. Da ina ɗauka tausayin tsoho shi ne ka ba shi abinci a kan lokaci, ka kwantar masa da hankali ko da ƙarya ce. Ashe ƙaryar ma wani irin raini ne, kana gaya masa ke nan cewa abin da ya dame shi bai kai a wahala a kansa ba. Kowane tsoho da ka gani a kujera akwai inda ya zuba ƙarfinsa, kuma yana so ya san ko abin yana nan, ko wani ya san shi ya yi. Tun daga lokacin, duk gidan da aka tura ni, kafin in tambayi inda magunguna suke, nakan ajiye jakata in zauna in ce, “Wane aiki kika yi a rayuwarki?” Kuma idan an fara ba ni amsa, ba na taɓa tsumman goge-goge sai an gama.